Sharafiyya Ta Yi Barci, Ban da Ni

Mu biyu muka sauka Jidda, ni da Isiyaku, ɗan ƙanin mahaifina. Na girme shi da shekara uku, kuma ina so a riƙe wannan, don tun daga bakin jirgin ruwa mutane suka fara mantawa. Shekara huɗu muka yi muna cirar auduga a ƙasar Sudan kafin mu samu halin ƙetarowa. A can na yi aure, na bar Asabe a garin Madani wajen gwaggonta, da alkawarin ina samun wurin zama zan aika ta zo. Kwana biyu muka yi a kan teku, ni ina amai kamar zan fitar da hanjina, shi yana zaune a kan buhu yana zuba hira da ma'aikatan jirgin, har suka ba shi lemon tsami ya kawo mini. Na sha, na ji sauƙi, na kuma ji haushi. Haka abin yake tun muna yara a ƙasar Kazaure. Shi aka zaunar gaban malam ya iya karatu da rubutu, ni aka miƙa wa fartanya. Duk inda muka shiga ni ke ɗaukar kaya, shi ake tambaya sunansa.

Da muka sauke farali muka dawo Jidda neman ɗaki. Wani dillalin gidaje mai suna Abbakar, Bahaushen Sudan, ya kama hannunmu da azahar ya kai mu can ƙarshen unguwar Sharafiyya, inda gidaje suka ƙare sai wani dogon shinge na waya.

"Ku ji iska!" in ji shi, yana buɗe taga. "Ku ji shiru! Wallahi don ku 'yan uwa ne, da Bayamale ne ba zan ba shi a haka ba."

Muka yi ta godiya, ni har da riƙe masa hannu biyu. Tsakar dare na farka na ji kamar an kifa mini turmi a ka ana daka. Ƙasa tana rawa, kofin shayinmu yana tafiya da kansa a bakin taga har ya faɗo. Isiyaku ya miƙe yana salati, ni kuwa na yi waje ba riga. Ashe shingen nan na filin jirgin sama ne. A lokacin filin a cikin gari yake, gidaje sun kewaye shi, kuma jiragen zamani masu ƙugi sun fara yawa. Da rana zafi kan sa a ɗan sarara, dare na yi sai a buɗe wuta.

Da safe wata tsohuwa a gidan da ke jikin namu ta leƙo ta kan katanga tana dariya. Inna Habi ke nan. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo da ƙafa daga Katsina, Hausarta rabi Larabci ce.

"Ahlan da baƙin Abbakar! Da azahar ya kawo ku ko? Kullum da azahar yake kawo su, miskinai."

Ta miƙo mana auduga da ta tsoma a man riɗi, ta ce mu toshe kunne, halas, shi ke nan, haka kowa ke yi. Ta haɗa mana da kwanon wake da burodi. Wata uku tana ciyar da mu ba ta taɓa nuna ta gaji ba. Ita ce kuma ta yi mana hanya a wani kamfanin ɗan kwangila da ke yi wa jirage hidima a cikin filin. Kamfanin ya zama kafilinmu, mai tsaya mana, ya yi mana iƙama, wato takardar izinin zama. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san ma'anar wannan. Aikinka shi ne zamanka. Ranar da kafili ya sake ka, sai jirgin ruwa.

Ranar farko mudir, wato shugaban wurin, ya dube mu sama da ƙasa ya ce wa ya iya rubutu. Ba sai na faɗa ba. Aka kai Isiyaku sito, aikin rana, a ƙarƙashin fanka, yana ba makanikai sifana yana karɓa. Ni aka ba ni shuɗiyar riga aka ce in dawo bayan isha'i.

Mu bakwai ne Hausawa a aikin dare. Mu wanke jirgi, mu tura tsani, mu sa katako a gaban taya. Amma babban aikin shi ne gwajin inji. In makanikai sun gama gyara, sai a ɗaure jirgi a tsaye a bayan rumfar gyara, a ba shi wuta har ƙarshe a ji lafiyarsa, wani lokaci rabin awa, wani lokaci har kusan asuba. Wutsiyarsa kuwa tana kallon shinge, wato tana kallon tagarmu. Ni ne mai riƙe tulun kashe gobara, taku goma daga bakin injin. Ba wanda ke jin wani a wurin, da hannu ake magana. Audugar Inna Habi iska ke fizge ta, na gaji na daina sawa. Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da tsayuwar nan. Ko ba komai akwai wuri ɗaya a duniya da Isiyaku ba zai iya tsayawa ba.

Da safe in dawo idona jawur, in tarar da shi ya yi wanka ya sa farar jallabiya, yana ƙamshi.

"Sannu da aiki, Yaya Haruna. Ga shayi nan na bar maka."

Ko gaisuwar nan ƙona mini rai take yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasiƙa. Duk wata, ranar Juma'a bayan an sauko, sai in zauna in faɗa, shi ya rubuta wa Asabe da ajami. Ba ya taɓa biro. Alƙalamin kara yake ferewa, ya dama tawadarsa da kansa, ya zuba rubutun allo irin namu, mai kauri da lanƙwasa. Ka yi tunani, mutum da matarsa, duk maganar da zai gaya mata sai ta bi ta kunnen ƙaninsa. Sau nawa na haɗiye magana don kunya! In amsa ta zo kuma, wadda wani malami a Madani ke rubuta mata, shi zai karanta mini, kuma ba wadda ba ta ƙare da "a gaishe mini da Isiyaku mai hannun alheri, Allah ya ƙara basira" ba. Yakan yi sauri ya wuce wurin. Ni kuwa wurin kaɗai nake riƙewa.

A shekara ta biyu, wata rana muna dawowa daga masallaci, Isiyaku ya dafa kafaɗata ta baya.

"Yaya, sau uku na kira ka."

"Ina tunani ne."

"Jiya ma Inna Habi ta yi ta sallama kana zaune. Yaya, kunnenka yana tafiya. Injin nan zai cinye shi."

"To likita! Ka bar sito ka koma asibiti?"

"Ba wasa nake ba."

"Kai da ke zaune a gindin fanka me ka sani game da inji? Ka ji da sifanunka, ka bar maza su yi aiki."

Gaskiya ya faɗa, na kuma sani, don tuni wani siririn kuka ya zauna mini a kunnen dama ba dare ba rana. Amma da in karɓi gaskiya daga bakinsa gara in kurumce.

Unguwa kuma ta kai maƙura. Jikar Inna Habi, jaririya, ta koma firgita tana sandarewa duk sanda aka tayar da inji. Bangon masallaci ya tsage. Ladan ya yi ta kiran asuba ba mai ji, wanda ya ji kuma bai runtsa ba balle ya tashi. Dattawa suka je wajen umda, mai unguwa ke nan, ya ce ya sha kai kuka, kullum sai a ce masa ina shaida. Ƙarar jirgi ba a ɗaukarta a hannu a kai ofis.

Isiyaku ya ce shi zai kawo. Dare arba'in yana kwance da agogo a gefensa da fitila, da an tayar da inji ya rubuta lokaci, da an kashe ya rubuta. Da safe wajen shayi ya ce, "Yaya, na jiya da ya daɗe ɗin nan wane jirgi ne?" Ni kuma sakarai, ganin yau ga abin da na sani shi bai sani ba, sai in gyara zama in zayyana masa, har da lambar da ke jikin wutsiya, wadda na haddace siffarta. A sito kuma ya ji makanikai suna cewa akwai wurin da hukumar filin ta keɓe don gwaji, can ƙarshen fili ta wajen sahara, amma jan jirgi zuwa can yana cin lokaci, shi ya sa mudir ya fi son bayan rumfa. Wannan ma ya rubuta. Bai sa suna ba. Umda ya haɗa da takardar kuka, dattawa suka dangwala yatsa, aka kai.

Wata biyu shiru, har an fara cewa an yi aikin banza. Sai ga doka ta sauko. Daga awa biyu bayan isha'i har a idar da sallar asuba ba gwajin inji. Wanda ya zama dole, a ja jirgin can wajen sahara. Jirgin da zai tashi cikin dare kuma kada ya bi ta kan gidaje, sai in iska ta tilasta, ko lokacin aikin hajji da ba yadda za a yi.

Daren farko da dokar ta fara aiki ya faɗo a ranar hutuna. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutane suka fito da tabarmi saman soraye suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron kada shirun ya gudu. Can sai unguwa ta ɗauke ɗif. Isiyaku ya yi rigingine, baki buɗe, yana barci kamar jariri. Ni kaɗai na zauna idona biyu, jikina ya saba da tsayuwar dare, ga kukan nan a kunnena da babu ƙarar da za ta rufe shi yanzu. Na yi ta kallon fuskarsa har aka kira salla.

Daga ranar ya zama Ustaz. Ustaz Isiyaku! Umda ya zaunar da shi kusa da shi a kan kilishi. Mai burodi ya ƙi karɓar komai a hannunsa. Inna Habi ta yanka kaji biyu ta aiko da shinkafa, ta tsaya a bakin ƙofa tana shi masa albarka har da hawaye.

"Allah yirda alaik, ya waladi, yarinyar nan jiya har rana ta fito tana barci. Haruna, ka ga ɗan uwanka? Ka gode wa Allah da ya ba ka shi."

Na ce na gode. Wa ya ba shi lambobin? Wa ya tsaya a bakin wutar shekara biyu? Ba wanda ya tambaya. Ni sunana ya koma "yayan Ustaz".

A wajen aiki kuwa mudir ya cika ya yi fam. An kira shi an wanke shi tas, kuma tare da dokar aka haɗo masa kwafin takardar nan ta dare arba'in. Ya tara mu, Hausawan kamfanin duka, na dare da na rana, ya ɗaga ta sama.

"Wannan ba rubutun Balarabe ba ne," ya ce. "Naku ne, na allo. Kuma wanda ya yi shi ya san cikin gidan nan. Min? Wane ne?"

Nan Isiyaku ya yi kuskure. Da ya ba wani ɗan makarantar unguwa ya kwafe da biro, da shi ke nan. Amma hannunsa ya saba, abu mai muhimmanci da kara yake rubuta shi. Abin da ya cece shi a ranar, a sito da fensir yake rubutu irin na Larabawa, kuma cikinmu akwai mutum huɗu da suka yi allo. Mudir ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Kowa ya sani, Sharafiyya kaf ta sani, amma mu baƙi a ƙasar nan abu ɗaya muka riƙe, ba a miƙa ɗan uwa.

"Tayyib," in ji mudir. "Tun da babu gwajin dare, ba na bukatar mutum bakwai da dare. Uku sun isa. Ƙarshen wata zan faɗi waɗanda za su tafi. Wanda ya taimake ni, zan tuna da shi."

Na dawo ɗaki na sauke wa Isiyaku kwandon masifa. Na ce ya sayi suna da abincin mutane. Ya ce shi bai zaci abin zai kai nan ba, kuma zai je ya roƙi mudir a ba ni aikin rana ko da shara ce, mudir yana jin maganarsa.

"Ka roƙar mini?" na ce. "Kai?"

"To Yaya, mene ne a ciki?"

Bai ga komai a ciki ba, wallahi bai gani ba. Na sha gaya wa kaina daga baya cewa tsoron rasa iƙama ne ya tura ni, da tunanin Asabe tana jira a Madani. Akwai wannan. Amma yau na tsufa, ƙarya ba ta da amfani. Da ya roƙa ɗin, na san za a ba shi. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan, in zauna a Jidda albarkacin ƙanina, in kawo matata albarkacinsa, ta zo ta durƙusa ta gode masa.

Juma'ar nan na ce ya rubuta mini wasiƙa. Ya fere kara, ya dama tawada. Na faɗa, ya rubuta: gaisuwa, lafiya lau nake, ta ƙara haƙuri, in Allah ya so bana ba za ta sake yin azumi a Madani ba. Ya busar, ya ninke, ya ba ni in kai gidan waya. Ranar Asabar da yamma na shiga ofishin mudir, na buɗe ta na shimfiɗa a kan tebur kusa da waccan ta dare arba'in. Ya tambaye ni wa ya rubuta. Na faɗa. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Kwana tara aka ba Isiyaku ya bar ƙasar. Umda ya yi iya yinsa, ya je har sau biyu, kafili ya ce ya riga ya sa hannu. Ni aka bar ni cikin ukun. Unguwa ta yi ta tsine wa wanda ya yi wannan aiki, ina zaune ana tsinewa, har ina cewa amin. Inna Habi ta ce duk wanda ya yi, Allah ya hana shi barci. Ba ta san an riga an amsa mata ba.

Isiyaku bai canza mini fuska ba. Ya raba 'yan kayansa, ya bar mini risho da bargo. Na fara samun natsuwa cewa mudir bai gaya masa ba. Ranar tafiya na ɗaukar masa akwati har tashar jirgin ruwa. Da aka fara kiran fasinja, ya sa hannu a aljihun jallabiya ya ciro takarda a ninke, ya matso daidai kunnena na hagu, mai ɗan sauran ji.

"Yaya, waccan mudir ya riƙe ta, ya ce ba zai bayar ba. Ga wata na sake rubutawa. Ka kai yau, kada Asabe ta ji shiru ta ɗauka wani abu ne ya same ka."

Ya karɓi akwatinsa daga hannuna ya hau. Na zauna a kan wani ƙarfe har jirgin ya fita daga gani.

Ban kai ba. Kwana shida tana aljihuna tana ƙona ni. Na tabbata ya zuba komai a ciki, ya gaya wa Asabe irin mijin da take aure. In aika, na kashe kaina. In yaga, ban san abin da na yaga ba. Ba kuma wanda zan ba ya karanta a Sharafiyya. A rana ta bakwai na taka har unguwar Bani Malik, na nemi wani malami daga Sudan da bai san ni ba bai san shi ba, na ce ya karanta mini da ƙarfi.

Ya karanta. Gaisuwa. Lafiya lau nake. Ta ƙara haƙuri. In Allah ya so bana ba za ta sake yin azumi a Madani ba.

"Ci gaba," na ce.

"Ta ƙare, Alhaji."

"Duba baya. Duba gefe."

Ya juya ta, ya ɗaga ta a rana, ya ce babu komai. Maganata ce kalma da kalma, yadda na faɗe ta ranar Juma'a, bai ƙara ba bai rage ba.

Na fito na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa. Ya kamata in ce nadama ce ta rufe ni, kuma ta zo daga baya, ta zauna, har yau tana nan. Amma abin da ya fara taso mini a wurin ba ita ba ce. Na so a ce ya zage ni, ko da kalma ɗaya ce a can ƙasan takarda, in samu abin da zan riƙe in ce ashe shi ma mutum ne kamar ni. Ya hana ni. Na sa wasiƙar a akwatin gidan waya ina huci, don har a nan ma sai da yaron nan ya fi ni.